Idon Jirgin Likita Siau

Wata goma sha huɗu Ang Tiam-lai ya yi yana gina jirgin Likita Siau a bakin ruwan garin Kitin, kuma a ranar da za a saka shi a teku ƙanen matarsa ya ɓata masa shi.

Jirgin ruwa ne mai tafiya da iska, irin wanda ake ƙetare babban teku da shi, a yi wata biyu ba a ga ƙasa ba. Zanen daga ƙasar waje ya zo, amma Tiam-lai ya san dalilin kowane layi. Ƙashin bayan jirgin dogo ne, tun daga ƙirji har wutsiya, an cusa masa baƙin ƙarfe tan huɗu, yadda ko igiyar ruwa ta kwantar da shi zai miƙe da kansa. Bayansa tsini ne kamar gabansa, don ruwan da ya biyo shi ya rabu biyu ya wuce. Tagoginsa ƙanana, wurin zaman matuƙi ɗan tsukuku, don kada ya tara ruwa. Ba shi da gudu. Tiam-lai kan ce mai gaggawa ya je ya hau jirgin sama.

Abu ɗaya ne babu a zanen, idanu. Turawa suna sakin jiragensu makafi, su dawo suna mamakin yadda aka yi suka hau dutse. Tiam-lai ya ce ba da hannunsa za a saki makahon jirgi ba. Sai matarsa ta roƙe shi ya ba ƙanenta Bok-sun aikin, tunda shekara talatin ke nan yana sassaƙa wa masunta idanun jirage. Bok-sun ya sassaƙa, ya kafa kowanne da ƙusa uku, ya rufe da jan ƙyalle, ba mai gani sai ranar buɗewa.

An nemi sa'a a ɗakin bautar Matsu, gunkiyar masu shiga teku, aka ba su daga ƙarfe goma na safe zuwa sha ɗaya. Mutanen unguwa suka cika wurin, turare na tashi, Likita Siau na bisa jirgi yana watsa alewa da wainar shinkafa. Tiam-lai ya hau tsani ya ja ƙyallen.

Baƙin idon yana ƙasa. Ya zagaya ɗaya gefen, nan ma ƙasa. Jirgin masunci ke kallon ƙasa, don ya ga kifi. Jirgin tafiya gaba yake kallo, ko akuyar Kitin ta san wannan.

"Bok-sun, zo nan. Me jirgin nan yake kallo?"

Bok-sun ya tofar da jan yawun binlang, goron ƙasarsu da yake tauna, ya ɗaga kai. "Ruwa mana, Yaya. Sama kake so ya kalla? Tsuntsu ne?"

"Tsibirin Hawai za shi. Hawai a ƙarƙashin ruwa take?"

Bok-sun ya sosa ƙeya. "Wallahi hannu ne ya saba. Ido ɗari uku na sassaƙa, ba wanda ya taɓa kawo ƙara." Ya sake duban idon. "To ai ko banza Likita ba zai kwana da yunwa ba."

Mutane suka yi dariya, kuma dariyar ta fi idon yi wa Tiam-lai ciwo. Wata goma sha huɗu. Ya mayar da katakon itacen tik mota biyu saboda ɗanye ne, ya shafa kowace gaɓa da tafin hannunsa, sai ga shi mai warin kifi ya mayar masa da jirgin tamkar tsohuwa mai neman allura.

Likita ya sauko yana goge hannu. "Maigida Ang, katako ne fa da fenti. Ina da taswira, ina da rediyo."

"Katako ne? Kai da ka je ɗakin Matsu sau uku neman sa'a?"

Likita ya gyara tabarau. "To a cire su a juya."

Har Bok-sun sai da ya daina tauna. Idon da aka riga aka buɗe ba a cire shi. Ƙwaƙulewa ke nan, kuma jirgin da aka taɓa makantarwa, ko kyauta aka bayar babu mai hawa.

"Yaya, ina da dabara," in ji Bok-sun. "A kwashe ƙarfen nan a mayar baya. Sai ya ɗaga kai, ka ga ya kalli gaba."

"Ya zauna a kan ɗuwawu kamar agwagwa? Sanda-sanda na auna ƙarfen nan. Ka taɓa shi in jefa ka ruwa, in ga ko kai ma za ka ga kifi."

Saura minti goma sa'ar ta wuce. Tiam-lai ya dafa cikin jirgin. Idan aka taɓa nauyinsa, guguwa ta farko za ta kifar da shi. Idan aka bar shi haka, zai yi ta ratsa teku kansa a sunkuye, tsibiri ya wuce shi ta dama bai sani ba.

"A sake shi," ya ce.

Aka buge sandunan tokare. Jirgin ya sulala cikin ruwa ya zauna daidai kan layin da Tiam-lai ya ja, ko faɗin yatsa bai kauce ba. Jama'a na tafi, jirgin na kallon laka.

Tiam-lai ya juya. "Likita, ku nawa za ku tafi?"

"Ni da ƙanena."

"Ku uku ne."

Likita ya dube shi. "Maigida, ka taɓa fita bakin tashar nan?"

"Ban taɓa ba. Ko jirgin fito amai yake sa ni."

"To me za ka yi mana?"

"Zan zauna a gaba in kalli hanya. Wani dai dole ya kalla." Ya kwance ɗamarar aikinsa ya miƙa wa Bok-sun. "Kai kuma je gida ka gaya wa yayarka mijinta zai yi wata biyu yana amai a teku. Ka gaya mata dalili."

Bok-sun ya karɓi ɗamarar, ya dubi hanyar gida, ya dubi jirgin.

"Yaya," ya ce a hankali, "babu wurin mutum na huɗu?"