Mutumin da Ya Ƙi Amsa Sunan Gida

A kwarinmu gida ke raɗa wa mutum suna. Ni kaina ina da wani suna can da aka haife ni da shi, yana nan a takardar gwamnati, amma tun ranar da aka kawo ni gidan Miramon ba wanda ya ƙara tunawa da shi. Miramon ake ce min, kuma na saba. To gidan da ke sama da namu, wanda hayaƙinsa ke fara gaishe ni kowace safiya, shi ne gidan Bordenave, kuma labarin maigidansa zan ba ku.

Sunan ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. A yarenmu na duwatsu ma'anarsa sabon gidan gona, shi ke nan. Kakata ta ce wani ƙaramin ɗa ne da bai sami gado ba, tun zamanin da ba mai iya ƙirgawa, ya hau gefen daji ya sare itatuwa, ya aza dutse kan dutse, ya kafa garken tumaki. Mutanen ƙasa suka ɗaga kai suka ce ga sabon gida can. Yau bangon ya tsufa har ya yi ciki, amma har gobe sabon gida ne. Kusan duk ƙauyen da ka shiga a ƙasarmu ta Béarn za ka tarar da nasu Bordenave, kuma ba dangin juna ba ne, don ko'ina ba a rasa ƙaramin ɗan da bai sami gado ba.

Ɗan fari ke ɗauke gida da gona da tumaki gaba ɗaya, mace ce ko namiji. Ƙanne kuwa, ko su auri mai gado a wani gida, ko su tsufa ba aure suna kiwo, ko su gangara Bordeaux su hau jirgin ruwa. Ta nan sunan ya watsu. Akwai su a Ajantina, akwai su a Urugwai, an ce har a Kalifoniya suna da shagunan wanki da guga. Masu sunan a hayin teku sun cika gari, a asalin gidan kuwa aka wayi gari saura mace ɗaya, Honorine.

Ita ta auri Firmin Lassalle, ƙaramin ɗa daga kwarin da ke bayan namu. Ya zo da hula da sanda da kare. Ba a gama cin abincin biki ba mutane suka fara ce masa Bordenave, kamar yadda aka yi wa duk namijin da ya taɓa shigowa gidan mace. Kowa yana amsawa ya wuce. Firmin ya ce shi fa ba da shi ba.

Ranar Lahadi in an fito coci sai a taru a shagon shan kofi na Sidonie, wata mai bakin da ba ya hutawa.

Sai ta ce wa Firmin, "Bordenave, an tashi lafiya?"

Ya wuce ta kamar ba da shi take ba.

"Ku matsa wa kurma ya zauna. Angon gida, da kai nake."

"Lassalle sunana," in ji shi. "Sunan ubana ke nan. Shi kaɗai na fito da shi daga gidanmu, ko cokali ban samu ba. Shi ma sai kun karɓe?"

"Wa ya karɓe? Ka adana shi a aljihu, ba ya ruɓewa."

Honorine sai ta yi dariya ta ce, "Ku ƙyale min mijina. In abinci ya nuna, ko da sunan jaki na kira shi yana amsawa."

Firmin ya sa maƙeri ya ƙera masa ƙarfe mai harafin farko na sunansa, yana danna shi a kan kowane curin cuku kafin ya bushe. A kasuwa masu saye suka riƙa cewa, "A ba ni na Bordenave, mai alamar nan." Haka aka yi shekara arba'in da wani abu, shi bai gaji ba, gari bai gaji ba. Allah bai ba su haihuwa ba, suka riƙe juna suka riƙe tumakinsu.

Honorine ta rasu da ƙanƙara ta fara narkewa a kan duwatsu. Da yake mu ne maƙwabtan farko, waɗanda al'ada ta ɗora wa hidimar gawa, ni na yi mata wanka, ni na rufe tagogi, ni na je na gaya wa ƙudan zumarta ta rasu, kamar yadda ake yi a wurinmu. Bayan an binne ta, mutane suka ji tausayin Firmin, suka yi shawara a tsakaninsu cewa a daina tsokanar bawan Allah, a ba shi abin da ya daɗe yana nema. Ranar Lahadin da ta biyo baya Sidonie ta aje masa kofi a hankali ta ce, "Malam Lassalle, ya ƙarin haƙuri?"

Ina wurin. Ya ɗago ya dube ta kamar ta watsa masa ruwan sanyi. Ya sha kofinsa ya fita.

Daga nan ya fara zubewa. Ya ba wani makiyayi tumakinsa ya hau da su dutse, abin da bai taɓa yi ba. Kabejin lambu ya yi fure ba mai cirewa. Wata rana na kai masa miya na tarar yana ɗaure kaya a kwali.

"Wannan fa?"

"Akwai gidan tsofaffi a birnin Oloron. Na yi magana da mai mota, ran Litinin zai zo."

"Kai da gidanka?"

"Gidan wa? Ke ma kin ji yadda suke kirana. Mai gidan ta tafi, baƙo ya san lokacin tashi."

"Ba kai ka ce a kira ka haka ba?"

"Na ce," in ji shi, ya ci gaba da ɗaurin igiya.

Na sauko gida raina a jagule. Gidan da hayaƙi ya daina fita daga cikinsa ba ya daɗewa a tsaye, na ga da yawa. Kuma tsohon da aka cire daga dutse aka kai birni, shi ma na san ƙarshensa.

Ana saura kwana biyu, ranar Asabar da la'asar, motar haya ta aje wata dattijuwa a bakin shagon Sidonie, da akwati da sandar dogarawa. Ta tambayi inda za ta sami Bordenave. Sidonie na cikin wanke kofuna, bakinta ya riga tunaninta, ta nuna sama ta ce, "Ga gidansa can mai koren taga, yana ciki." Sai da matar ta yi nisa Sidonie ta tuna an daina kiransa haka, ta dafe kai.

Ina gidan Firmin lokacin, na je taya shi naɗe kwanuka. Muka ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Firmin ya buɗe. Matar ta tsaya tana haki, ta dube shi tun daga hula har takalmi, ta saki sandar ta kama fuskarsa da hannu biyu.

"Hancin babana," ta ce. "Ga shi nan, ko a mafarki na san shi. Ɗan'uwana, ni ce Delfina, 'yar Cyprien da ya tafi Ajantina."

Da yarenmu ta faɗa, irin na tsofaffin da, wanda rabona da jin sa tun kakata na da rai. Cyprien ƙanin uban Honorine ne. Yana saurayi ya hau jirgi, aka yi yaƙi, aka sake yin wani, labari ya yanke.

Hancin nan kuwa na Lassalle ne tsantsa, duk kwarinsu an san su da shi. Firmin ya matsa gefe ta shigo.

Ba ta taɓa taka gidan ba amma ta san shi. Ta sunkuyar da kai a daidai inda katakon ƙofar ciki ke bugun goshi. Ta tambayi ko itacen ɓauren bayan garke yana nan. Kwalayen da ke jibge ko kallo ba ta yi musu ba. Na ɗora miyar kabeji da wake a wuta, ita kuwa ta tsaya a tsakar ɗaki tana zuba.

"Mu fa can mun yi yawa. Baba ya haifi maza biyar, kowa ya cika gida. Akwai likita, akwai mai gyaran mota, akwai masu shanu, akwai ɗaya a gidan yari amma ba ma faɗa. Duk Bordenave. Ba ko ɗaya da ya san ma'anar sunan sai ni, don ni ce mai zama kusa da Baba. Na ce kafin ƙafar nan ta ƙi ni gaba ɗaya, sai na ga mutum ɗaya na jininmu a cikin gidan nan."

Firmin ya ce zai ɗauko cuku. Na bi shi ɗakin ajiya.

"Ka yi shiru da bakinka," na ce masa ƙasa-ƙasa. "Kwana nawa za ta yi? Ka bar baiwar Allah ta koma da farin cikinta."

"Miramon, ban amsa sunan nan da gaskiya ba, sai yau in amsa shi da ƙarya?"

"Taurin kanka ne zai kashe ka."

"Ya daɗe bai kashe ni ba."

Ya fito ya aje cukun a tebur, ya cire hula.

"Baiwar Allah, ki yafe ni. Ni ba jininku ba ne. Sunana Firmin Lassalle, aure ya kawo ni gidan nan. 'Yar'uwarki Honorine ita ce ta ƙarshe, kuma ta rasu."

Delfina ta ce, "Yaushe?"

"Farkon bazarar nan."

"Bara na so zuwa," ta ce. "Likita ya ce in bari a gyara gwiwa tukuna." Ta dubi gwiwar kamar za ta yi mata faɗa. Sai a lokacin idonta ya kai kan kwalayen. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Ta gyara mayafinta, ta lalubi sandarta.

"Malam Lassalle, ka yi haƙuri na faɗo maka gida, har na kama maka fuska. Ko akwai masauki a ƙasa?"

"Akwai ɗaki a saman shagon Sidonie," na ce, don ban san me zan ce ba.

Ta ɗauki akwatin ta nufi ƙofa. Firmin ya riga ta, ya tsaya a bakin ƙofar, ya cika ta.

"'Yar gidan nan ba ta kwana a saman shago."

"Ni ba a nan aka haife ni ba."

"An haifi ubanki. Duk wanda aka haifa a gidan nan yana da kujera a bakin murhu har ya mutu, ko ya yi shekara nawa a duniya. Cyprien bai dawo ya zauna a tasa ba. Tana nan, taki ce."

"Na san wannan," ta ce a hankali. "Baba ya sha faɗa min. Amma ya ce mutum ba ya ja wa kansa ita. Sai Bordenave na gida ya ja maka ya ce zauna. Yanzu kuwa babu shi."

Na ga wuyan Firmin ya yi ja har kunne. Ya murɗe hular da ke hannunsa.

"Babu shi? To wa kike gani a gabanki? Wa ya sake rufin nan da iska ta kwashe shi? Wa ya yi jinyar yayan ubanki, ya ɗauke shi a kafaɗa zuwa kabari? Wa ke hura wutar nan tun ina da baƙin gashi?" Ya wuce ta, ya ture kwali biyu da ƙafa, ya jawo wata tsohuwar kujera mai saƙar ciyawa, ya dangwarar da ita a bakin murhu. "Ni ne Bordenave. Zauna."

Delfina ta dube ni. Na gyaɗa mata kai. Ta aje akwatin, ta tako a hankali ta zauna, ta shafa hannun kujerar. Sai a sannan hawayen suka zo.

Na bari ta ɗan natsu, sannan na ce, "Maƙwabci, kunnena ya yi nauyi kwanan nan. Wa ka ce kai ne?"

"Je ki duba miyarki, tana kamawa."

"Tambaya kawai na yi."

"Kuma in na ji maganar nan a bakin Sidonie, na san inda ta fito."

"Ni? Yaushe ka taɓa jin na kai magana?"

Delfina ta yi dariya cikin hawaye, ta share fuska da gefen mayafi. "To ni me zan riƙa ce maka?"

"Wace shekara aka haife ki?" Ta faɗa. Ya yi ɗan lissafi da yatsu. "Yaya za ki ce. Kuma a gidan nan ba a barin miya a kwano."

Muka ci tare. Ta ce tikitinta na komawa sai bayan wata biyu. Ya ce to za ta ga saukowar tumaki daga dutse, kuma maza biyar ɗin nan da 'ya'yansu, duk mai son zuwa ya zo, amma su riƙa zuwa da kaɗan-kaɗan, gadajen ba su da yawa. Ya tashi ya kwance kwalin da ya sa zannuwan gado, ya hau sama yana ƙorafin ƙura.

Da na ɗauki tukunyata zan sauka, rana ba ta gama faɗuwa ba. Ya leƙo ta taga.

"Miramon, in kin gangara ki biya wajen mai motar nan. Ki ce kada ya wahalar da kansa ran Litinin."