Akuyar da Uwani Ta Bari

Malam Isiyaku na Soron Ɗinki ya yi shekara talatin yana koyar da Hausa a sakandare, kuma tun da ya yi ritaya yake rubuta ƙamus. Shekara tara ke nan, yana harafin F. Ya taɓa kaiwa G, sai Kyalla, akuyar da matarsa marigayiya Uwani ta bari, ta shiga zaure ta cinye G ɗin kaf. Bai sayar da ita ba. Yakan ce a duk Kano ita kaɗai ta taɓa nuna sha'awar aikinsa.

Shi ne kuma sakataren ƙungiyar tsofaffin malaman unguwa, ba don komai ba sai don kullum da biro a aljihunsa. Da damina biyu suka gaza a arewa, shanun Rugar Ɗantani, can wajen iyaka, suka ƙare, ƙungiyar ta kafa wa yaran rugar rumfar karatu, ta samo malami, ta kuma sayi awaki ashirin. Dabarar ita ce kowane gida ya sami abin tatsa, kada a kwashi yara a yi ƙaura. Malam Isiyaku ne ya rubuta takardar. Ya yi kwana biyu yana auna kalmomi, tsakanin taimako da tallafi da gudummawa, daga ƙarshe ya ɗora mata kai da manyan baƙaƙe: SADAKAR AWAKI. A ganinsa wannan ta fi ƙamshin lada.

Aka kai takarda, aka karanta wa mutanen ruga, suka yi godiya mai yawa. Mako uku babu wanda ya zo ɗaukar ko akuya ɗaya. Suna can wani kango a Gwammaja suna cin dusa suna ƙiba.

Ran wata Talata da hantsi sai ga Inna Binta ta yi sallama. Ita ce tsohuwar da ta yi shekaru tana kawo wa Uwani nono duk rani, lokacin da suke sauka da shanu a bayan gari, kuma ta dalilinta ƙungiya ta san rugar. Ta rame, ba ƙwarya a kanta. Luba, 'yar autan Malam, ta shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida ta kawo ruwa. Bayan an gaisa an yi wa Uwani addu'a, Inna Binta ta kwance bakin zane ta fito da takardar, an ninke ta ƙanana, ta ajiye a gaban Malam. Ta ce sallama ta zo yi. Bayan kasuwar Juma'a za su yi kudu, inda aka ce ana samun aikin gona, har da jikarta Shamsiyya.

Malam ya san Shamsiyya. Ran da aka buɗe rumfa ita ce yarinyar da ta ƙi sakin alli har sai da ta rubuta sunan kakarta a allo, B ɗin yana kallon baya. In ta tafi kudu, karatun ya ƙare ke nan.

Sai ya gyara zama ya yi abin da ya iya, wato bayani. Ya kawo falalar ilmi, ya kawo falalar karɓar abin da Allah ya hore ta hannun bayinsa, ya ma fara ba da asalin kalmar sadaka daga Larabci. Inna Binta ta saurara har ya gaji don kansa.

"Malam," ta ce, "duk gaskiya ne. Amma ni tun da nake, ni ke ba da sadaka. Ban iya riƙe hannu ta ɗaya gefen ba."

Ana cikin haka Kyalla ta fito daga bayan randa, ta nufi takardar kai tsaye. Inna Binta ta kama ta a wuya, ta duba haƙoranta, ta shafa farin da ya zagaye mata ciki, ta yi 'yar dariya. Ta ce wannan ai jinin tata ce. Malam ya ce a'a, daga gidan su Uwani aka aiko da kakar akuyar.

Ashe ba haka ba ne. Inna Binta ta tuna masa shekarar da ya kwanta ciwo wata bakwai, gida ga yara huɗu, yau shekara ashirin da biyu ke nan. A shekarar ta jawo akuya mai ciki ta ɗaure wa Uwani a wannan turken. Haɓɓanaye suke ce masa a harshensu, in ji ta. Kana da dabba, ɗan'uwanka ba shi da ita, sai ka ɗaura masa mace. Ya kiwata, ya sha nono, ta haihu sau uku, 'ya'yan nasa ne, uwar ta koma gida. Ba wanda ya roƙa, ba wanda ya yi kyauta. Uwani da ƙafarta ta mayar da uwar har inda suke sauka a bayan gari.

Malam ya tuna kunun da ake dama masa da nono a wannan jinya, yana sha yana ƙorafin ya cika ruwa. Bai taɓa tambayar daga ina ba.

Ya tashi ya shiga ɗakin Uwani, wanda ba kasafai yake shiga ba, ya ɗauko igiyar da ke rataye bayan ƙofa. Ya ɗaura wa Kyalla a wuya, ɗaurin da ko ɗan tsako zai kwance, ya miƙa wa tsohuwar bakin igiyar.

"Inna, na yi miki habbanaye."

"Haɓɓanaye," ta gyara masa.

Luba ta juya baya tana dariya. Mutumin da ya shekara talatin yana zane yara a kan lanƙwasar ɓ, yau ga shi.

Inna Binta ta kwance ɗaurin ta sake nata, ta daɗe tana kallon igiyar. Ta ce haihuwa uku, za ta dawo da ita, ya shirya takardunsa. Malam ya tambaya ko sauran ashirin ɗin ma za su ɗauru haka. Ta ce ƙungiya ba ta da fuska, wa za a mayar wa? Sai dai kowace akuya ta zo da mai ita, a san sunansa da ƙofar gidansa, ya miƙa igiya da hannunsa. Malam ya hango tsofaffin malamai ashirin da ciwon gwiwa a bayan mota ana tafiya iyaka, ya ce za a yi.

"To, kudun fa? Shamsiyya fa?"

"Ina zan kai akuyar Uwani kudu, ƙudan tsando ya kashe min ita? Sai mu zauna. Yarinya ta je rumfarta."

Da la'asar Malam ya bar ƙofar zaure a buɗe, takardu a baje a ƙasa, babu mai taɓawa, kuma abin bai yi masa daɗi yadda ya zata ba. Ya ɗauki sabon shafi, ya tsallake G, ya rubuta kalmar a ƙarƙashin H, ya lanƙwasa ɓ ɗin biyu a hankali. Luba ta leƙo ta ce, Baba, wannan ai ba Hausa ba ce.

Ya ce kalmar ai shekararta ashirin da biyu a gidan nan, ta isa a ba ta wuri.