Salansar Motar Gawa

"Riƙe nan. A'a, nan na ce. Kai, hannunka sai rawa yake kamar wanda aka kawo cire haƙori."

Direban ya gyara riƙon bututun, ya kau da fuska daga hasken walda. Su biyu ne kwance a kan kwali a ƙarƙashin motar, tayoyin baya sun hau kan bulo. Motar asibiti ce, doguwa, a da fara ce, babu kujera a bayanta sai gadon ƙarfe mai tayoyi. Shekara goma sha ɗaya yana jan ta. Ya ɗauko gawa daga ƙofar bayan ɗakunan jinya ya kai ɗakin ajiye gawa, in dangi sun zo kuma ya raka su da ita har gida. Aikin ke nan.

Mai waldan, wanda duk layin ke kira Tartsatsi, ya ɗaga baƙin gilashin da ke fuskarsa ya tofar da yawu gefe.

"Wallahi tun da nake aikin nan, kai ne na farko da ya zo neman shiru. Samarin nan kullum sai, 'Oga, a sa ta yi gurnani.' Mota duk ta mutu, da igiya ake ɗaure ƙofa, amma dole sai ta yi gurnani. Kai kuma Allah ya ba ka gurnani kyauta, ka ce ba ka so."

"Ba ni ne ba na so ba."

"To wa? Fasinjojin naka ne suka kai ƙara?"

Tartsatsi ya yi dariyarsa shi kaɗai, sannan ya dubi fuskar abokin nasa, ya mayar da gilashi ya ci gaba da aiki.

Tukunyar salansar ta ruɓe tun bara waccan. Sau uku direban ya rubuta wa ofis, sau uku aka ce takardar tana sama. Tun yana jin ƙarar har kunnensa ya daina ji. Hanyar zuwa ɗakin ajiye gawa kuwa guda ɗaya ce, ta bi daidai ƙarƙashin tagogin ɗakin mata. A ɗakin nan matarsa take kwance yau mako uku, ƙoda ta daina aiki, likita ya ce zuciyarta ba za ta ɗauki wankin ƙoda ba.

Jiya da yamma, yana zaune a gefen gadonta, tsohuwar da ke gadon jikin taga ta kira shi. Duk ɗakin Gwaggo ake ce mata.

"Ɗana, ba faɗa ba ne," ta ce. "Motar nan taka. Mu ashirin ne a ɗakin nan. Duk wadda ta samu barci ya ɗauke ta, da ka taso ta farka. Sai ka ga kowacce tana leƙa gadon 'yar'uwarta, ana duba wa ya rage. Yau sau huɗu ka wuce. Ba so nake in ƙirga ba, kunne ne ba shi da marfi."

Matarsa tana kwance idonta a rufe, ba ta ce komai ba. Ya ɗauka ta yarda da zancen, kunya ce ta hana ta faɗa masa tuntuni.

Abin ya tsaya masa a rai. Shekara biyu yana wucewa yana shelar mutuwa a kunnen marasa lafiya, shi kuma a ganinsa tuƙi kawai yake yi. Laifin da mutum bai san yana yi ba, ana rubuta masa shi? In ba a rubutawa, to tsoron da ya shiga zuciyar matan nan a wuyan wa yake? Ya juya tambayar ta ko'ina bai samu bakinta ba. Da gari ya waye sai ya ce wa ogansu birki ne ke ba shi matsala, ya kawo motar wurin Tartsatsi.

"To saurara," in ji mai waldan bayan sun fito suna kakkaɓe riga. "Tukunyar motarka babu ita ko a wurin 'yan gwangwan. Wannan da na sa maka ta ƙaramar mota ce. In duk hayaƙin ya bi ta cikinta inji zai shaƙe, ko gadar sama ba za ka hau ba. Shi ya sa na raba bututun biyu. Ɗaya ya bi ta tukunya, ɗaya ya miƙe waje. A bakin miƙaƙƙen na sa bawul, wato marfi mai buɗewa da rufewa, daga wani mataccen inji na ciro shi. Ga wayar birkin keke nan na zuro maka ta ƙasa, kusa da giya. In ka ja ka maƙala a ƙusar nan, ya buɗe, ga ƙarfi ga ƙara. In ka saki, sifirin ɗin da na sa masa ya ja ya rufe shi. A cikin asibiti ka saki, a titi ka ja. Kada ka daɗe a rufe, za ta yi zafi."

"Babu rabi? A ce ƙarar ta ragu kawai?"

"Rabi? Da abin da ka ba ni? Ko cefanen yini bai kai ba. Buɗe ko rufe, malam."

Direban ya shiga ya tayar. Motar ta yi tsawar da ta saba, har mai gyaran taya da ke tsallake ya ɗago kai. Ya zare wayar daga ƙusa ya saki. Nan take ƙarar ta faɗi, sai wani ɗan huci kamar na mai barci. A karon farko cikin shekara biyu ya ji ƙarar gadon ƙarfen da ke baya yana kaɗawa.

"Ka ji ko?" Tartsatsi ya buga murfin motar. "Yanzu ko Mala'ika sai dai ya gan ka."

Sau uku aka kira shi a yinin. Wani tsoho daga ɗakin maza, wata jaririya da aka naɗe a zani aka ɗora a tsakiyar gadon ƙarfen kamar an manta da ƙunshin kaya, sai wani da mota ta buge. Kowane karo, da ya kawo wajen tankin ruwan da ke gab da ɗakin mata sai ya tabbatar wayar a sake take, ya lallaɓa ya wuce ƙarƙashin tagogin. Ko labule bai motsa ba. Wani abu mai kama da daɗi ya ɗan taɓa shi. Mako uku yana kallon matarsa tana kumbura, ba shi da abin yi sai ya gyara mata matashi. Yau dai ya yi mata wani abu da hannunsa.

Ƙarfe huɗu aka buɗe ƙofa ga masu dubiya. Ya wanke hannu har gwiwa, ya canza riga kamar yadda yake yi kullum don kada ya shigar mata da warin aikinsa. Sista mai kula da ɗakin ta tare shi a bakin ƙofa.

"Direba, yau kam ka yi abin kai. Dubi Gwaggo, har da minshari." Sai ta rage murya. "Amma taka ba ta sa komai a baki ba tun safe. Fitsari ma babu. In akwai 'yan'uwanta a kusa, ka kira su."

Ya san irin wannan maganar. Ya sha jin ana yi wa wasu ita a baranda, shi kuma ya je ya duba mai a mota.

Ɗakin shiru, sai fanka. Fiye da rabin matan barci suke, wata ta rufe fuska da mayafi, wata hannunta mai ƙarin ruwa ya zubo gefen gado. Gwaggo baki a buɗe. Matarsa ce kawai idonta biyu, fuskar ta kumbura har idanun sun zama kamar tsaga, ta juya kunnenta wajen taga.

"Maman yara."

"Ina ka je?"

"Ina nan. Tun hantsi ina cikin asibiti."

"Ba ka nan." Muryar da ƙyar take fita. "Tun safe nake saurare. Na ce ko korar ka suka yi saboda yawan zaman da kake a wurina. Na ce ko hatsari. Har na ce ko gajiya ka yi."

"Wace irin gajiya? Gyara na kai ta." Ya jawo kujera, ya shiga yi mata bayani, bututu biyu, bawul, wayar birkin keke, har da abin da Tartsatsi ya ce game da fasinjoji. Yana kwatantawa da hannu, ya manta ba ta gani sosai. "Sau uku na wuce ta nan. Ko ke ba ki ji ba, ko?"



"Sau uku," ta ce.

"Saboda ku samu barci. Kin ji abin da Gwaggo ta ce jiya."

"Na ji. Ita ta ce." Ta lashi leɓe, ya tsoma auduga a ruwa ya shafa mata. "Baban yara, shekara biyu daga bakin layi nake jiyo motar nan in ɗora maka ruwan wanka. Maƙwabta har tsokana ta suke, wai angonki ya taso. A nan kuma ba na iya juyawa, fuskar mutum ma sai ya matso nake gani. Amma in ta taso daga wajen tanki na san kai ne. Na san inda kake rage gudu a kan kwalbati, na san yadda giya ta biyu take yi maka gardama. Sai in ce ga shi nan, bango ne kawai tsakaninmu."

"Gawa fa nake ɗauke da ita."

"Na sani. Ai kai ne a gaba."

Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Akwai ɗan ƙonon walda a kan na dama.

"Ka buɗe mini ita," ta ce. "Ba daɗewa za a yi ba."

Ya ɗago ya dubi ɗakin. Gwaggo ta ja numfashi mai tsawo ta ƙara nutsewa a matashi. Can ƙarshe wata matashiya da aka yanke wa ƙafa, wadda kullum yake samu tana kallon silin, ta dunƙule kamar yarinya tana barci.

"To," ya ce, shi kansa bai san me yake nufi ba.

Ya fita baranda ya kira yayarta da babban ɗansu, ya ce su taho. Bai koma ciki ba aka aiko neman sa, an sake yin rashi a ɗakin maza. Ya mayar da rigar aiki. Aka turo gadon ƙarfe aka rufe ƙofa, ya tayar da motar, tana huci a hankali.

Daga ɗakin maza zuwa tankin ruwa tafiyar minti biyu ce. Ya yi ta kamar mai tafiya a kan ƙwai. Mata sha tara a gefe guda, matarsa ita ɗaya a gefe guda. Ko ɗan firamare ya san wanne ya fi yawa. Sha taran nan wasunsu za su warke su koma gida, barcin yau zai yi musu amfani. Ɗayar kuwa barci ba zai ƙara mata komai ba. Amma sha taran ba su taɓa ɗora masa ruwan wanka ba. To ashe adalci sai a kan waɗanda ba ka sani ba? In ya buɗe, ya san abin da yake yi, ba kamar da ba. Wannan kam za a rubuta. In ya bari a rufe, za ta kwana tana saurare, ta ce ko gajiya ya yi.

Tankin ya zo daidai tagarsa. Hannunsa ya sauka kusa da giya, ya ja wayar ya maƙala a ƙusa.

Bayan shirun yini guda, ƙarar ta fi yadda ya san ta. Ta daki bangon ɗakin matan ta dawo masa. Tantabaru suka tashi daga kan rufi. Ya rage gudu a kan kwalbati, ya nemi giya ta biyu, ta yi gardamarta, ya bar ta ta yi son ranta. Ta gefen ido ya ga labulen tagar farko ya motsa, ɗankwalin Gwaggo ya ɗago. A taga ta uku wata ta tashi zaune tana waige-waige. Bai kau da kai ba, ya ga ya kamata ya kalla.

Yana gab da wuce ginin sai ƙofar baya ta buɗe. Sista ta fito kan matakala tana ɗaga masa hannu. Ya taka birki, ya fara haɗa haƙurin da zai ba ta, zai ce waya ce ta maƙale, zai ce gobe za a gyara.

Amma babu faɗa a fuskarta. Ba ta nuna salansar ba, ba ta toshe kunne ba. Hannu ɗaya ta dafa ƙofa da shi, ɗayan kuma tana yafito shi a hankali, ta ƙi haɗa ido da shi.

Ya zauna riƙe da sitiyari, inji yana ta tsawa a ƙarƙashinsa. Ya so ya tambaye ta ko kafin ya kawo tanki ne matarsa ta cika ko bayan, ya kuma san ko ita ba za ta iya faɗa masa ba.

Ya miƙa hannu ya zare wayar daga ƙusa, ya saki.