Ƙullin Bahago

Shekara biyu ke nan da malaman teku suka tsallako tsibirin suka yi wa masunta horo na kwana huɗu. Suka nuna musu cewa lungun duwatsun nan na bayan gari, nan kifi ke haihuwa, in aka bar shi shekara biyar ya huta, kowa zai ci riba. Aka ɗaga hannu, aka tafa, aka raba huluna. Aka kuma yi doka: duk tarun da aka kama a lungun, a ƙone shi a bakin ruwa kowa na gani.

Da aka zo maganar wa zai yi gadi, sai kowa ya shiga duban yatsun ƙafarsa. Eleuterio ne ya miƙe. Matarsa ta rasu, 'yarsa na birni, gidan ya yi masa faɗi.

Taru uku ya ƙona, gaisuwa ta ƙare. Mutanen da suka fi kowa tafi su ne yanzu ke kau da kai in ya shigo kanti. Abin na cinsa, ba ya ɓoye wa kansa.

Mutum ɗaya ya rage masa: Nicanor, abokinsa tun suna yara, bahago mai surutun tsiya. Kullum da safe zai hauro dutsen gadi da burodi a leda yana haki.

"Gwamnan kifi! Yaya talakawanka suka kwana?"

"Sun fi ka hankali. Zauna kafin ka faɗi, tsoho."

Sai Eleuterio ya zuba kofi, kofi biyu. Awa gudan nan ita ke riƙe masa sauran yinin.

Ranar wata Talata ya riga rana fita, ya zaga lungun da kwale-kwale, ƙugiyarsa ta sarƙe da igiya. Ya jawo. Taru ne, an nutsar da shi da duwatsu don kada a gani. A tsibirin nan kowa da irin ƙullinsa, kuma mutum ɗaya ne ke juya nasa ta hagu. Eleuterio ya daɗe yana shafa ƙullin da babban yatsa. Ya saki kifayen da ke da sauran rai, ya ɗauko tarun ya hau da shi.

Nicanor ya iso kamar kullum. "Gwamnan..." Sai ya ga tarun a gefen murhu. Ya ajiye ledar a hankali.

"Ba wanda ya gani, mutumina."

"Ni na gani."

"Jikoki shida ne a gidana, Eleuterio. Kai wa kake ciyarwa? Kifi?"

Maganar ta soke shi, amma ba ita ce damuwarsa ba. "Abu ɗaya zan tambaye ka. Wannan hawan da kake yi kullum, don ni ne, ko don idona ya bar ruwa yaranka su kwashe taru?"

Nicanor ya sosa ƙeya. "Da farko dai... Amma daga baya ai ina jin daɗin hirar. Ka san ni."

Ya san shi kuwa, kuma ya san ba ƙarya ya yi ba. Wannan ya fi ciwo. Da zai jefa tarun a bayan dutse, gobe burodi zai zo, a ci gaba da tsokana. Amma ya tuna mutum ukun da ya ƙone nasu, waɗanda ba su taɓa kawo masa burodi ba.

Da azahar ya ƙone shi a bakin ruwa. Jama'a suka tsaya nesa. Nicanor bai fito ba.

Washegari hannun Eleuterio ya zuba kofi biyu kafin ya tuna. Yana zaune sai ruwan lungun ya hau tafasa: ƙananan kifi ne, dubbai, irin garken da rabonsa da gani tun yana saurayi. Ya zabura, ya juya da sauri.

"Kai, Nicanor, duba..."

Ya tsaya da hannu a miƙe. Can ya koma ya zauna, ya jawo kofi na biyun, ya shanye shi da sanyinsa.