Hular da Yohanna Ya Cire

Ranar Talata ce, ƙarshen bazara, hadari ya taru tun safe ya ƙi zubowa. Muttaka tela yana zaune a zaurensa a Shahuci, Yohanna ya baje masa keken ɗinki yana gyara, sai suka ji ihu daga titi. Gari ya rikice, ana farautar Kirista.

Yohanna Bahaushe ne, daga wani ƙauye kudu da Kano. Shekara goma sha tara yana shigowa birni gyaran keke.

Muttaka ya ce masa ya bar keken ya tashi. "Da ka bar ni na ɗaure shi tukuna," in ji Yohanna.

"Ɗaure ƙaniyarka! Tashi ka sa wannan."

Muttaka ya zura masa rigar wani Alhaji da bai gama wa aiki ba, ya kifa masa hula. Wata tsohuwa ta rasu a layin, ana shirin kai ta. Muttaka ya san ko mahaukaci ba ya tare makara. In suka bi gawa suka fita ta Ƙofar Kabuga, sojoji na nan gaba kaɗan. Ya jefa almakashinsa a aljihu.

Suka shiga cikin masu rakiya. Yohanna har kafaɗa ya sa, ya karɓi makarar sau biyu. Matasa masu gora da adda suka dare, suka ba su hanya.

Dab da ƙofa, wani mutum na kwance a bakin kwata, an gama da shi, takalminsa ɗaya a gefe. Kowa ya kau da kai. Yohanna ya tsaya. Hannunsa ya tafi da kansa, ya cire hular, ya sunkuyar da kai, kamar yadda Kirista suke yi in za su yi addu'a.

"Kai! Mai cire hula!"

Matasan suka zagaye su.

"Yayana ne," in ji Muttaka. "Zafi ne ya dame shi. Wallahi..."

"Kada ka rantse a kaina, Malam Muttaka." Yohanna ya dubi wani mai adda a cikinsu. "Sunana Yohanna. Almasihu nake bi. Wannan bawan Allah taimakona kawai ya yi."

Muttaka ya zaro almakashi. Yohanna ya riƙe masa wuyan hannu, ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya yar da shi cikin kwata.

"Wanda nake bi bai ɗaga hannu ba ranar da aka zo kama shi. Bi gawarku, ta yi nisa."

Gora ta sami Muttaka a baki. Da ya farfaɗo, ruwa ya sauko, titi ba kowa sai gawa biyu a kwance, ta mutumin bakin kwata da ta Yohanna.

A layinsu an ƙone shago huɗu. Muttaka ya rasa haƙori uku, da almakashi, da rigar Alhaji. Keken yana nan a buɗe a zaure, kusoshinsa goma sha ɗaya cikin murfin gwangwani, yadda Yohanna ya jera su.