Kalmar da Ba Ta da Namiji

...wai kuma "tunda dai kin riga kin sani." Na san me, likita? Idonta a kan kwamfuta, sabuwar zuwa ce, ta buɗe katin iyalinmu ta ga har da shafinka. "Tunda kin san sakamakon maigidan, sai mu wuce ga abin da za a yi." Ni kuma na gyaɗa kai. Na gyaɗa kai fa! Kamar 'yan ajina idan ba su yi aikin gida ba.

Ga ni yanzu a tagar hawa na huɗu, takarda a hannu, ina hango motarka a ƙasa. Ka samu inuwar bishiya, ka kwantar da kujera. Kullum haka. "Ki hau ke, wajen nan na mata ne, ina nan ina jiranki." Shekara tara da aure, shekara shida ina hawa benen asibitoci a garin nan, kai kana gadin mota.

Ashe ka taɓa hawa. Shekara huɗu da suka wuce, kai kaɗai, ranar wata Talata. Kwanan watan na nan a jiki. Aka ba ka 'yar kwalba, aka gwada maniyyinka, aka ce ƙwayoyin sun yi kaɗan, waɗanda ke akwai ma ba sa motsi. Likitan wancan lokacin ya rubuta da hannunsa: a dawo tare da matar. Ina matar? Matar tana gida tana tafasa sassaƙen da Yayarka ta aiko a jarka, ta toshe hanci tana kurɓa, kai kana tsaye kana cewa, "Daure ki shanye, ba a san inda za a dace ba."

Ba a san inda za a dace ba. Kai ka sani!

Nas ta leƙo tana kiran lamba sha bakwai. Wata ta miƙe, da fayil mai kauri kamar nawa. Mu goma sha wani abu a kan kujerun nan, namiji ɗaya tak, shi ma ya ɓoye fuska a waya. Ji nake kamar in bi su ɗaya bayan ɗaya in tambaya, baiwar Allah, naki ya taɓa hawowa? Kin ga takardarsa da idonki?

Ranar da suka ɗura min ruwan nan don a ga ko hanyoyin mahaifa sun toshe... gadon ƙarfe, sanyi, na cije gefen mayafina har ya huje. A buɗe suke, aka ce. Sai wancan asibitin na bayan gada: wankin mahaifa. Sai na kusa da tashar mota, mai hoton jarirai a bango tun daga ƙofa: allura goma sha biyu a ciki, ni nake yi wa kaina a banɗakin malamai kafin a kaɗa ƙararrawa. Na kumbura, fuskata ta yi suntum, shugabar makaranta ta ja ni gefe tana murmushi, "Malama, ko an samu ne?" Duk inda aka ce a kawo maigida, ka ce aiki. Ka ce an taɓa duba ka tun kafin aure, lafiyarka ƙalau. Ni kuma sakarai, kunyar in matsa maka nake ji.

Juya. A bakin Yayarka na fara jin ta, ranar da aka taru a gidan Hajiya mahaifiyarku, tana zaton na fita tsakar gida. "Yaron nan ya haɗu da juya." Na ci gaba da wanke kofuna. Kai kuma da na gaya maka, ka shafa kaina ka ce in yi haƙuri, halinta ne.

To kai mene ne sunanka? Ina ta lalube tun daga ofishin likita. Malami, malama. Gurgu, gurguwa. Makaho, makauniya. Juya... juya fa? Babu. Ni da nake koyar da yara jinsin kalmomi, ban taɓa lura ba. An ƙera ta daidai wuyan mace, ba a yi ta maza ba, sai na ɗauka na rataya, tunda a gidanmu dole wani ya rataya.

Abin da ya fi ci min rai ma... kai, wannan! Da Hajiya ta tara ku ta ce ka ƙara aure, ka ce a'a. A gaban kowa. "Ni matata ta ishe ni, haihuwa ta Allah ce." Na shiga ɗaki na yi kuka har da shessheƙa, don godiya. Na kira Innata na ce ta sa maka albarka. Dangi suna nuna ka, ga mai haƙuri, ga ɗan halak, yana zaune da ita haka nan. Ashe lissafinka daban. Mace ɗaya ta rasa haihuwa, laifinta ne. Biyu suka rasa, ido zai dawo kanka. Ba ni ka riƙe ba, labule ka riƙe.

Hanya uku likitar ta zana min a bayan takardar. Magani na wata uku, kai za ka sha. Ko 'yar ƙaramar tiyata, kai za a yi wa. Ko a ciro ƙwaina, a zaɓi mai rai ɗaya cikin naka, a haɗa su a waje a dasa min. Duk ukun sai da kai, duk ukun sai ka hawo benen nan da ƙafarka ka zauna a kan kujerar roba. Sannan ta cire tabarau ta ce, a hankali, "Kar ku ja lokaci. Shekarunki talatin da takwas, ƙwan sun ragu sosai. Da shekara huɗu baya ne..." Ba ta ƙarasa ba. Ta ƙarasa me? Abin da aka yi asara nawa ne. Kai naka yana nan yadda yake, ko bayan shekara ashirin. Nawa ne ke ƙarewa duk wata, kana kallo, kana sayo min audugar mata a hanyarka ta dawowa.

Lif ya lalace, sai matakala. Hawa na uku. Zan jefa maka takardar a fuska. Hawa na biyu. A'a, gidan Hajiya za mu, in ajiye ta a kan cinyar Yayarka, ta karanta da ƙarfi. Sai kuma me? Ka kasa haɗa ido da kowa, ka rantse ba za ka sake taka asibiti ba, ni in ci nasara, in koma gida da nasarata da ƙwaina da suka rage. Idan ina son ɗan, sai na lallaɓa ka. Ni zan lallaɓa ka! Ni zan nemo murya mai taushi, in zaɓi lokacin da ka ci ka ƙoshi...

Rana ta doke ni a ƙofa. Ka hango ni, ka ɗaga kujera, ka miƙo hannu ka buɗe min. Idonka bai zo fuskata ba, kan takardar ya sauka, ya daɗe a can. Haka kake yi duk fitowata, yau na gane. Shekara huɗu kana zaune a ƙasan bene kana jiran ranar nan.

"Sannu," ka ce. "Allah ya ba ki lafiya."

Yanzu ne. Yanzu zan faɗa. Na buɗe baki...

"Amin."