Kwana Na Sittin Da Ɗaya

Shekarata ashirin da shida a wani ofishin gwamnati a Arlington, ina aikin da ba mai so. Ni ke karɓar takardun da masu ba sojoji shawara ke bayyana abin da suka mallaka a ciki. Ƙa'idarmu ba wuya. Wanda ya yi mana aiki fiye da kwana sittin a shekara, takardarsa ta zama ta jama'a, kowa ya karanta. Wanda bai wuce ba, tasa in kulle a durowa. Ni ke ƙirga kwanakin.

Colby Renshaw, ɗaya daga cikin masu ba da shawarar nan, mai kamfanin jirage marasa matuƙi ne, shekararsa talatin da huɗu. Da gajeren wando yake shiga wajen janarori, su kuwa sai rawar jiki suke masa. Ni kaɗai na karanta takardarsa, kuma tun ranar raina bai kwanta ba. Kamfanin da ke gwada jiragensa, yana shaida wa sojoji lafiyarsu ƙalau, ashe na matarsa ne. 'Ya'yan mutane kuwa za a tura fagen daga, suna dogaro da jiragen nan.

Kwana sittin ɗinsa sun cika a Oktoba. Ran Talata sai ga shi kuma, ya yi awa uku a ɗakin taro. Na rubuta sittin da ɗaya.

Da la'asar shugaban ofishinmu, Mista Pruitt, ya leƙo da kofin kofi a hannu.

"Darlene, uwar ƙirga. An ce kin haifo mana sabon kwana."

"Ba ni na haifa ba, Yallaɓai, da ƙafarsa ya zo."

"Abinci suka ci, ba aiki ba."

"Abincin awa uku, da taswira a bango? Wane irin naman sa ne wannan?"

Bai yi dariya ba. Ya ja kujera ya zauna, ya ce yaron nan ƙasa yake yi wa hidima, ko dala ɗaya ba a biyansa, in muka tona shi gobe wa zai yarda ya zo? Sannan ya tambaye ni, wai saura wata nawa in yi ritaya. Ya fi ni sani. Wata bakwai, ga mijina Vernon ana wanke masa ƙoda sau uku a mako da inshorar aikin nan.

Wallahi tsoro na ji, ba wani abu ba. Yana zaune yana kallona na goge kwanan, na mai da shi sittin.

Bayan mako biyu wayar teburina ta yi ƙara. Wata 'yar jarida ce, Marisol Quintero, ta ce wata huɗu tana neman takardar Renshaw. Kamfanin ya ce shi ba na gwamnati ba ne, ba ta da hurumi. Sojoji sun ce sirri ne.

"Ke kaɗai kika rage min, Madam. Abu ɗaya nake so, kwana nawa ya yi?"

Na dubi durowar. Makullin ma na jikinta.

"Sittin," na ce.

"Cif-cif?"

"Cif-cif."

Ta yi ajiyar zuciya, na ji ta ajiye biro.

"To shi ke nan, na haƙura da labarin. Duk wanda na tambaya a ofishinku cewa yake, in Darlene ta faɗi lamba, kar ki sake bincike."